Farashin kuɗi na dare ɗaya: yadda babban banki ke juya ajiyar bankuna da kuɗin ruwa

Idan aka sanar cewa babban banki ya ƙara kuɗin ruwa, mutane da yawa kan ɗauka wata takardar umarni ake aika wa bankuna a ce kowa ya tsadada bashinsa. A yawancin ƙasashe babu irin wannan takarda. Farashi ɗaya ne tak babban banki ke riƙe da linzaminsa, wato abin da banki zai biya in ya ranci kuɗi yau da yamma ya mayar gobe. Kuɗin da ake rancen nan ma daban yake da wanda ke asusunka. Shi ne wanda bankunan kasuwanci ke ajiyewa a asusunsu da ke babban banki, abin da ake kira ajiyar bankuna. Ruwan bashin gida, na ɗan kasuwa, da na takardun lamunin gwamnati (takardun da gwamnati ke sayarwa don cin bashi) duk a kan wannan farashi na dare ɗaya ake ɗora su.

Amfanin ajiyar na farko shi ne biyan juna. Mai asusu a banki na ɗaya ya tura miliyan 10 ga mai asusu a banki na biyu. Na ɗaya ya rage miliyan 10 a littafinsa, na biyu ya ƙara a nasa, to amma da me na ɗaya zai biya na biyu? Ba zai karɓi alkawari ba. Sai babban banki ya cire miliyan 10 daga asusun na ɗaya ya zuba a na biyu, a nan ciniki ya kammala. Haka ake yi wuni guda cur, kuɗi na fita na shiga. A Amurka, tsarin biya na babban banki mai suna Fedwire kaɗai yana juya tiriliyoyin daloli a kowace ranar aiki. Da yamma wani banki zai tarar yana da rara, wani da giɓi, kuma ba a yarda asusu ya kwana da giɓi. Mai giɓi dole ya nemi rance wurin mai rara. Daga nan kasuwar rancen dare ɗaya ta samo asali.

Abin da aka fi kuskurewa shi ne wannan: bankuna a haɗe ba su da ikon ƙara ko rage jimillar ajiyar. Banki ɗaya na iya rabuwa da tasa, ya sayi takardar lamuni ko ya ba da bashi, amma kuɗin asusun wani bankin zai faɗa, har yanzu yana cikin littafin babban banki. Shi ya sa maganar da ake yawan yi cewa bankuna sun zauna a kan ajiya sun ƙi ba jama'a rancenta ba ta da tushe. Manomi ko mai masana'anta ba shi da asusu a babban banki, don haka ajiya ba ta da hanyar zuwa hannunsa. Lokacin da banki ya ba ka bashi, sabon kuɗi yake rubutawa a asusunka, daga baya ya nemi ajiyar da zai biya wani bankin in ka kashe. Babban Bankin Ingila ya fito ya bayyana haka ƙarara a mujallarsa a 2014.

Abubuwa ƙalilan ne ke motsa jimillar. In jama'a suka cire tsabar kuɗi, bankuna kan sayi takardun kuɗin daga babban banki da ajiyarsu, sai ta ragu. In aka biya haraji, kuɗi ya bar asusun bankuna ya koma asusun gwamnati da ke babban banki, ta sake raguwa, ranar da gwamnati ta biya albashi ko 'yan kwangila kuma ta dawo. In babban banki ya sayi kuɗin waje da kuɗin ƙasa, ajiya ta ƙaru. Sai kuma abin da shi kansa ya yi da gangan, ko ya sayi takardun lamuni, ko ya sayar, ko ya ba bankuna rance. Tsabar kuɗi da asusun gwamnati ba su hannunsa, nasa kawai ya yi hasashensu ya cike gurbi.

Tsohon tsari: a bar ajiya da ƙaranci

Kafin 2008 babban banki a yawancin ƙasashe na barin ajiya daidai bakin buƙata, ko ƙasa kaɗan, yadda bankuna dole su zo wurinsa nema. A Amurka jimillar ba ta kai dala biliyan 50 ba a lokacin. Kowace safiya ma'aikata su zauna su ƙiyasta tsabar kuɗin da za ta fita, abin da zai shiga asusun baitulmali da abin da zai fita, da adadin da bankuna ke so su kwana da shi. In lissafi ya nuna giɓi, sai a zuba kuɗi ta hanyar repo.

Repo rance ne mai jingina da aka yi wa suturar ciniki. Banki ya kawo takardar lamunin gwamnati mai darajar miliyan 100. Babban banki ba zai ba shi miliyan 100 cif ba, zai rage wani abu don kariya in darajar takardar ta faɗi. A ce an rage kashi 2 cikin 100, ya karɓi miliyan 98. In ruwan kashi 5 cikin 100 ne a shekara, kuma ana lissafi da kwana 360 kamar yadda ake yi a kasuwar dala da ta yuro, kuɗin dare ɗaya zai kama 13,611. Gobe ya mayar da miliyan 98 da wannan ɗan ƙari ya karɓi takardarsa. In kuma ajiya ce ta yi yawa, sai a juya abin, babban banki ya ba da takarda ya karɓi kuɗi.

Don kada farashi ya yi ta tsalle, ana yi masa shinge sama da ƙasa. A sama akwai taga da kowane banki mai jingina zai iya rance daga babban banki a farashi mai ɗan tsada. A ƙasa akwai wurin ajiye rara a farashi mai ɗan arha. Babu mai hankalin da zai biya wani banki fiye da abin da babban banki ke karɓa, haka nan babu wanda zai ba da rance ƙasa da abin da zai samu in ya bar kuɗin a babban banki. Babban Bankin Turai har yau da farashi uku yake aiki: na ajiya, na rancen mako-mako, da na rancen dare ɗaya. Faɗin shingen shawara ce mai nauyi. In ya yi faɗi da yawa, farashi zai yi ta yawo. In ya matse, bankuna su daina ciniki da juna kowa ya koma babban banki, kasuwar ta mutu a tsaye.

Akwai wata dabara da ba a cika ambata ba, alhali ita ke ɗauke rabin aikin, wato lissafin matsakaici. Ba a cewa banki ya riƙe adadin da aka gindaya masa kowane dare, sai dai matsakaicinsa ya cika a tsawon wani zango. A Amurka, lokacin da ake gindaya adadin, zangon mako biyu ne, a yankin yuro kuwa mako shida ko bakwai. Bankin da ake so ya riƙe miliyan 100 na kwana 14 yana iya riƙe 80 a mako na farko da 120 a na biyu. In rance ya yi tsada yau, sai ya ba da rararsa ya cike gobe, wannan da kansa yana kwantar da farashi. Ranar ƙarshe ta zango ce ke da haɗari, don babu sauran gobe. In hasashen babban banki ya kuskure a ranar, farashi ya haura har shingen sama ko ya faɗi har na ƙasa.

Shingen saman ma yana da lahani. Bankuna na tsoron a san sun je tagar babban banki, don abokan ciniki za su ce kuɗi ya ƙare musu. Saboda haka wani bankin gara ya biya fiye da farashin tagar a kasuwa da ya je can. A Amurka an daɗe ana fama da wannan, ko bayan gyaran 2003 da ya buɗe tagar ga duk banki mai lafiya ba tare da yawan tambaya ba. Sai wuta ta kama sosai ake ganin an rufa a kanta, kamar a Maris 2023 bayan rushewar Silicon Valley Bank, lokacin da rance daga tagar ya kai kusan dala biliyan 153 a mako guda.

An taɓa gwada akasin wannan tsari, wato a riƙe adadi a saki farashi. A ranar 6 ga Oktoba 1979 Paul Volcker, shugaban Babban Bankin Amurka a lokacin, ya mayar da bankin ga auna yawan ajiya. Ruwan dare ɗaya ya kai kusan kashi 20 cikin 100, yana hawa da sauka ba ƙaƙƙautawa. Hauhawar farashi ta karye, amma zuwa 1982 an ajiye tsarin. Buƙatar ajiya ba ta sassauci, banki ko dai ya cike giɓinsa ko ya kasa biya, don haka ɗan ƙaranci kaɗan na iya cilla farashi sama.

Ajiyar dole

Littattafan makaranta da yawa na koyar cewa in doka ta ce banki ya ajiye kashi 10 cikin 100 na kuɗin masu asusu a babban banki, wato ajiyar dole, bankuna za su ninka kuɗi sau goma, don haka da wannan kaso ake sarrafa bashi. A aikace abin da ke taƙaita bashi shi ne jarin banki, samun mai rance da za a amince da shi, da ribar da ke tsakanin farashin nemo kuɗi da na bayarwa. Kanada ta soke ajiyar dole tun shekarun 1990. Yankin yuro ya rage tasa daga kashi 2 zuwa kashi 1 cikin 100 a 2012. Amurka ta mayar da tata sifili a ranar 26 ga Maris 2020, kuma bashi bai ɓarke ba iyaka ba.

Inda ajiyar dole ke da cizo shi ne in tana da yawa kuma ba a biyan ruwa a kanta. A nan haraji ce a kan bankuna. A ce mai asusu ya kawo wa banki 100, doka ta kulle 20 babu ruwa, farashin kasuwa kuma kashi 10 ne. Tamanin kaɗai ke aiki, sun kawo 8. In yana son ya samu 10 a kan ɗarin, dole ya ba da tamanin ɗin a kan kashi 12.5. Ko dai mai karɓar bashi ya biya bambancin, ko mai ajiya ya samu ƙasa da haƙƙinsa. China ta yi amfani da wannan hanya sosai, ta kai kason manyan bankuna kashi 21.5 cikin 100 a 2011, don ta tsotse yuan ɗin da take zubawa wajen sayen dalolin da ke kwararowa daga fitar da kaya. A ganina makami ne mai kaifi amma marar saiti. Yana buɗa tazara tsakanin ruwan ajiya da na bashi, yana kuma kora harka zuwa wuraren da doka ba ta kai ba.

Sabon tsari: a wadata ajiya, a biya ruwa a kanta

Rikicin 2008 ya rushe tsohon tsari. Manyan bankunan ƙasashe, irin su na Amurka da na Ingila, sun ba da rance mai yawa, sun kuma sayi takardun lamuni na tiriliyoyi, kowane saye kuwa sabuwar ajiya ce. A Amurka jimillar ta kai kimanin dala tiriliyan 2.8 a 2014, ta zarce tiriliyan 4 a 2021. In kowa na da rara, babu mai neman rance, farashi zai gangara sifili ko mene ne aka sanar. Mafita ita ce a biya ruwa a kan ajiyar kanta. Babban Bankin Amurka ya fara haka a Oktoba 2008, na Ingila kuma tun Maris 2009 yake biyan farashinsa na hukuma a kan duk ajiya. Yanzu in ana son ƙara ruwa, lamba ɗaya ake canzawa, ba sai an kwashe ko kwabo daga kasuwa ba. Da haka Amurka ta tashi daga kusan sifili a Maris 2022 zuwa tsakanin kashi 5.25 da 5.50 a Yuli 2023 alhali ajiya na sama da tiriliyan 3.

Sai dai shingen ƙasan ya yi yoyo. Akwai cibiyoyin da ke da kuɗi a kasuwar amma doka ba ta ba su damar karɓar ruwa a kan ajiya ba, kamar Federal Home Loan Banks, masu samar da kuɗi ga masu ba da bashin gidaje a Amurka, da kuma asusun zuba jari na gajeren zango waɗanda ba bankuna ba ne. Su kan ba da rance ƙasa da farashin da ake biyan bankuna, tunda ko kaɗan ya fi babu. Don toshe wannan aka buɗe musu wata ƙofa a 2013, su kawo kuɗi na dare ɗaya babban banki ya ba su takardar lamuni jingina. Abin da aka ajiye ta wannan ƙofa ya kai kimanin dala tiriliyan 2.5 a ƙarshen 2022.

Tsarin yana da tsada kuma. Babban banki ya sayi takardu masu ruwa kaɗan na dogon zango, ga shi yana biyan ruwa mai yawa a kan ajiyar da ya ƙirƙira wajen sayensu. Na Amurka ya yi asarar kusan dala biliyan 114 a 2023. Babban banki ba ya tsiyacewa kamar kamfani, amma ribar da ya saba miƙa wa baitulmali ta tsaya, 'yan siyasa kuma su fara tambayar dalilin biyan bankuna wannan maƙudan kuɗi. Babban Bankin Turai ya rage nauyin ta hanyar daina biyan ruwa a kan ajiyar dole daga Satumba 2023. A shekarun ruwa ƙasa da sifili matsalar a juye take, bankuna ne ke biya. Turai ta fara a Yuni 2014 ta kai ƙasa da sifili da rabin maki (kashi 0.5 cikin 100) a 2019, Japan ta bi a 2016 har zuwa Maris 2024, kuma dukansu sun raba ajiya hawa-hawa don wani kaso kaɗai ya ɗauki cajin.

Nawa ne ya wadatar?

A nan gizo ke saƙa. In babban banki ya fara rage takardun da ya tara, ajiya na raguwa, kuma babu wanda ya san daidai inda wadata ke ƙarewa ƙaranci ya fara. Satumba 2019 ta nuna haka. Ajiya a Amurka ta sauko kusan dala tiriliyan 1.4, fiye da ta kafin 2008 nesa ba kusa ba, kowa na ganin akwai sauran fili. Ranar 16 ga wata abubuwa biyu suka haɗu. Kamfanoni suka biya harajin zango, sannan aka biya kuɗin sababbin takardun lamunin gwamnati na kimanin dala biliyan 54. Duka biyun sun kwashi kuɗi daga bankuna zuwa asusun baitulmali, dillalan da suka karɓi takardun kuma suna neman rancen riƙe su. Washegari ma'aunin repo da ake kira SOFR ya tashi daga kashi 2.43 zuwa 5.25, wasu cinikayya sun taɓa kashi 10. Ruwan rance tsakanin bankuna ya kai 2.30, ya fita daga iyakar 2 zuwa 2.25 da aka sanar. Reshen babban bankin da ke New York ya shigo da tayin repo har dala biliyan 75, daga Oktoba kuma aka fara sayen takardun baitulmali na gajeren zango na biliyan 60 a wata.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya hana bankuna masu rara ba da rance a kashi 5 ko 10, alhali abin da suke samu a babban banki bai wuce 2.10 ba. Dokokin bayan 2008 sun canza lissafinsu. Ƙa'idar Basel ta uku, wato dokokin bankuna na ƙasa da ƙasa, ta wajabta wa banki riƙe kadarar da za ta koma kuɗi nan take, wadda za ta ɗauke shi kwana 30 na gudun masu ajiya. Takardar lamuni ma tana shiga lissafin, amma sai an sayar ko an jinginar, ajiya kuwa a hannu take da ƙarfe tara na safe lokacin da biya ke fita kafin kuɗi su shigo. Ga shi kuma rarar ta taru a manyan bankuna ƙalilan, kowanne da iyakar da ya gindaya wa kansa. Jimilla na iya nuna wadata alhali kuɗin ba ya inda ake buƙatarsa.

Tun daga nan tunani ya karkata ga barin bankuna su faɗi buƙatarsu da kansu. Amurka ta kafa tagar repo ta dindindin a Yuli 2021. Babban Bankin Ingila ya buɗe repo na mako-mako a 2022, a farashinsa na hukuma, ba tare da iyakar adadi ba in akwai jingina, kuma yana ta nanata cewa zuwa can harka ce ta yau da kullum. Na Turai ya matse tazarar farashin ajiya da na rancen mako-mako zuwa maki 0.15 daga Satumba 2024 don rance daga gare shi ya zama mai sauƙi. Ina ganin wannan ce hanya mafi aminci, da sharaɗi ɗaya. Dole banki ya kai jinginarsa tun da wuri, takardu sun kammala, ya kuma gwada karɓar rancen lokacin da babu matsala. Tagar da ba a taɓa gwadawa ba kan ba da wahala a ranar da aka fi buƙatarta.

Daga dare ɗaya zuwa bashin shekaru

Ruwan wata uku ko na shekara biyu kusan matsakaicin abin da kasuwa ke tsammanin ruwan dare ɗaya zai zama ne a tsawon lokacin, sai ƙarin lada na haɗari. Shi ya sa jawabin gwamnan babban banki kan motsa kasuwa fiye da lambar da ya sanar. Bankuna kan gaggauta ƙara ruwan bashi su yi jinkirin ƙara na masu ajiya, kuma tasirin a kan hauhawar farashi yakan ɗauki shekara guda zuwa biyu kafin ya cika.

Wannan sarƙa kan tsinke tun daga zoben farko a ƙasashen da babban banki ke zuba ajiya ta bayan gida, ko ta ba gwamnati rance kai tsaye, ko ta sayen kuɗin waje ba tare da tsotse abin da ya zuba ba. Sai a sanar da kashi 15, kasuwar dare ɗaya na ciniki a kashi 8 saboda kuɗi ya yi wa bankuna yawa, mako mai zuwa kuma ta haura 25 don an kwashe haraji babu wanda ya cike. Banki ba zai iya ɗora farashin bashin shekara a kan lambar da ke tsalle haka ba, sai ya ƙara ladan kariya ya ɗora wa mai rance. Tsotsewar ma da kuɗi ake yinta, don babban banki sai ya sayar da takardunsa a farashin da ya sanar, in kuwa ya ji nauyin biyan ya ja baya, kasuwa ta gane cikin kwanaki. Wanda ke son sanin ko babban banki na riƙe da linzami, ya ɗauki farashin da aka sanar da ainihin ruwan dare ɗaya na watanni shida ya jera su gefe da gefe, ya duba tazarar, musamman a ranakun biyan haraji da ƙarshen zangon lissafin ajiya.